IDAN LIKITA YA CE SAI AN DUBA ƁARGO

A yawon gaida marasa lafiya da muke yi a ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan, mukan tarar da gidan da aka yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot, an ƙara jini sau biyu ko uku, amma jiki ya ƙi daɗi. Daga bisani sai likita ya rubuta takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya ce yana zaton sankarar jini ce. Daga ranar nan barci yakan ƙaurace wa gidan.

Abu na farko da za mu riƙe shi ne, zato daban, tabbaci daban. Kasala, ɗashewar ido da tafin hannu, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, ciwon ƙashi, kaluluwa, kumburin saifa, haɓo da zubar jini daga dasashi, duk ana ganinsu a wasu cututtuka, kamar sikila da tarin fuka. Shi ya sa ake fara ƙirga ƙwayoyin jini, a duba su a madubin likita, sa'an nan a zuƙo ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu bayan an kashe zafin wurin. Wannan gwajin ne yake raba gardama.

Ɓargo shi ne masana'antar jini. A wannan cuta fararen ƙwayoyin jini suke hayayyafa barkatai ba su nuna ba, su cinye wurin jajayen ƙwayoyi da na masu tsayar da zubar jini. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a ɗaki ɗaya. Mun ji inda aka ce mayu ne suke shanye jinin yaro, har aka nuna wata tsohuwa da yatsa. 'Yan'uwa, mu ji tsoron Allah. Jinin yana ƙarewa ne domin ɓargo ya kasa yin sabo.

Cutar iri huɗu ce manya, biyu masu saurin tafiya, biyu masu jan ƙafa. Wadda ta fi kama yara tana jin magani ƙwarai: a ƙasashe irin su Amurka da Ingila kusan yara 9 cikin 10 suna rayuwa. A nan gida abin da ya fi cin mu shi ne zuwa a makare da yanke magani a tsakiya saboda kuɗi. Ɗaya daga cikin masu jan ƙafar kuma tana da ƙwaya mai suna Glivec da aka amince da ita a Amurka a 2001, wadda ake sha kullum, mutum ya ci gaba da nomansa shekara da shekaru.

To, me za a yi a kwanakin jiran sakamako? Kada a kai mara lafiya wurin wanzami don ƙaho, tsaga ko cire belu, gama jininsa ba ya tsayawa da wuri. A guji asfirin da ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan talla. A kiyayi ƙwayar nan ta sa ƙiba da ake saye a kemis, domin takan ɓoye cutar har gwajin ɓargo ya rikice. A bar asuwaki mai tauri, a yi amfani da burushi mai laushi. A tafasa ruwan sha, a dafa abinci ya nuna, a kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya taso, ko da tsakar dare ne, sai asibiti.

Sai maganar jini. A asibitocinmu dangi ake nema su kawo masu bayarwa, kuma ba sau ɗaya ba. Mai lafiya da ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya ba da leda ɗaya, jikinsa kuma ya mayar da shi cikin 'yan makonni. Muna roƙon matasan ikkilisiyoyinmu su je a gwada rukunin jininsu tun yanzu, a rubuta sunaye a ajiye wurin dattawa. Ranar buƙata ba ranar yawon nema ba ce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jinya a Shika takan ci makonni, magani kuwa yakan kai shekara biyu ko fiye. Maigidan da ke kwance ba zai yi ban ruwan tumatir ba, ba zai sari rake ba. A yi masa gayya. Zumuntar mata su raba kwanakin girki da kula da yaran da aka bari a gida. A zauna a yi lissafi kafin a sayar da hatsi ko shanun huɗa, kada a rasa na ci a damina. A zaɓi mutum ɗaya mai karatu ya riƙe takardun gwaji duka, shi zai riƙa yi wa likita tambayoyi.

Masu zuwa gaisuwa kuma, a wanke hannu, mai mura ya gaishe daga bakin ƙofa. Kada a cika ɗaki da labarin waɗanda suka mutu. Kada a ce wa uwa wai zunubinta ne ya kama ɗanta. Babban mutum yana da haƙƙin sanin abin da likita ya faɗa a kan jikinsa, yaro ma a gaya masa daidai hankalinsa. Mu yi addu'a tare da su, mu kuma sa hannu a aljihu don kuɗin motar Zariya.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya. Amin.