Masu Raunin Fahimta A Gobir: A Ji Ta Bakinsu

A ƙauyukan Sabon Birni da Isa, cikin Jihar Sakkwato, da wuya ka zaga unguwa ba ka tarar da wani da jama'a ke kira gaula ko dolo ba. Shi ba mahaukaci ba ne. Fahimtarsa ce ta yi rauni tun ƙuruciya, sau da yawa saboda wahalar haihuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko kuma rashin abinci mai gina jiki.

Tun daga 2019, hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutanen wannan yanki daga gidajensu, wasu har suka ƙetara iyaka zuwa Jihar Maraɗi. Mai raunin fahimta yana cikin waɗanda gudun ya fi yi wa nauyi. Amma idan masu bincike suka zo da takardunsu, uwarsa ko yayansa ake tambaya, shi kuwa yana zaune a gefe kamar ba zancensa ake yi ba.

A wasu jami'o'in duniya an canza wannan hanya. A Ingila, Malama Jan Walmsley ta yi rubutu a 2001 kan binciken da ake yi tare da irin waɗannan mutane. Kwalejin Trinity da ke Dublin kuwa ta buɗe musu cibiya ta musamman a 2004. A wannan tsari, su ma sukan zaɓi abin da za a bincika, su yi wa 'yan'uwansu tambayoyi, a yi amfani da hotuna da magana mai sauƙi, a kuma sa sunayensu cikin marubutan rahoto.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, sannan a Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna musu bambanci. Ke nan doka ba ta rasa ba.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da malamai da ɗaliban da za su iya somawa. Sai a nemi yardar mutumin da kansa tare da ta iyayensa, a yi masa tambaya da Hausar Gobir da ya saba ji, a ba shi lokaci ya amsa, a kuma biya shi ladan aikinsa. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake yoyo.