Yadda Ake Tsara Manhajar Karatu a Makarantun Kirista na Amurka

Yaro ɗan shekara 8 a makarantar Kirista ta Amurka yakan fara ranarsa da addu'a da ayar da aka ba shi ya haddace a makon, sannan a shiga lissafi, a yi Turanci, a wasu wuraren har da Latin, kafin a tashi cin abincin rana. Wanda ya leƙa jadawalin zai ɗauka makaranta ce kamar kowace, an dai ƙara darasin addini. Masu makarantun ba haka suke kallon abin ba. A wurinsu addini kamar gishiri yake a miya, ana so a ji shi a tarihi, a kimiyya, har a lissafi. To yaya ake cusa addini a darasin lissafi? Amsar tana cikin tarihin makarantun da kuma hanyar da littattafansu ke bi kafin su isa aji.

Da farko a san matakan. Yaro yana shiga ajin share fage yana ɗan shekara 5, ya yi aji 1 zuwa 5 a firamare, sannan aji 6 zuwa 8 a abin da suke kira makarantar tsakiya, wadda ta yi kusa da ƙaramar sakandarenmu. Yawancin makarantun Kirista ƙanana ne, a harabar coci, kuma sukan haɗa matakan biyu wuri ɗaya.

A ƙarni na 19 makarantun gwamnati na Amurka suna da ƙamshin Furotesta: ana karanta Littafi Mai Tsarki a fassarar Sarki James, ana yin addu'a. Katolika ne suka fara jin ba su da wuri a ciki, shi ya sa a 1884 bishop-bishop ɗinsu suka taru a Baltimore suka umarci kowace coci ta gina makarantarta. A 1925 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Oregon da ta so tilasta wa kowane yaro zuwa makarantar gwamnati, ta tabbatar wa iyaye 'yancin zaɓi. Amma yawaitar makarantun 'yan bishara ta biyo bayan hukunci biyu ne na wannan kotu: na 1962 da ya hana addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati, da na 1963 da ya hana karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada. Akwai kuma dalilin da ba a son tunawa da shi. Bayan hukuncin 1954 da ya haramta raba ɗalibai bisa launin fata, an buɗe makarantu masu zaman kansu da dama a Kudancin ƙasar, wasunsu da sunan coci, don fararen yara kada su zauna aji ɗaya da baƙaƙe.

Amurka ba ta da manhaja ɗaya ta ƙasa. Kowace jiha ce ke tsara wa makarantunta, makarantu masu zaman kansu kuma an sakar musu mara sosai. Sai dai makarantar da ke da ɗalibai kaɗan da malamai 'yan ƙalilan ba ta da ƙarfin rubuta littattafanta. Saye take yi, kuma duk kamfanin da ta saya a wurinsa, shi ne a zahiri ya tsara mata manhaja.

Hanya ta farko ita ce ta kamfanin da ya fi shahara, Abeka, wanda ya fito daga makarantar da Arlin Horton da matarsa Beka suka kafa a Pensacola ta jihar Florida a 1954. Tsarinsa na gargajiya ne: malami a gaba, ɗalibai a layi, maimaici da hadda. Ana koya wa yaro karatu ta sautin harufa, ya san ƙarar kowane baƙi da wasali ya riƙa haɗa su, har yara da yawa kan iya karanta gajerun jimloli tun a ajin share fage. Da wuri ake fara rubutun haɗe. A lissafi kuwa, lambobin su ne dai waɗanda kowa ya sani. Abin da ake ƙarawa shi ne bayanin cewa biyu da biyu suna zama huɗu kullum domin Mahaliccin duniya mai tsari ne, ba ya canzawa. Kamfanin BJU Press na Jami'ar Bob Jones a South Carolina yana tafiya kusa da wannan layi, sai dai ya fi ba tambaya da tattaunawa wuri.

Hanya ta biyu ta sha bamban. Donald Howard ya ƙirƙiro tsarin ACE a Texas a 1970, kuma a cikinsa kusan babu darasi a allo. An yanka karatun shekara na kowane fanni zuwa ƙananan littattafai 12. Yaro yana zaune a ɗan teburinsa mai shinge a gefe da gefe, ya sa wa kansa adadin shafukan da zai yi a ranar, ya je ya duba amsoshinsa a littafin amsa, in ya maƙale ya ɗaga 'yar tuta mai kula da ajin ya zo. Sai ya sami kashi 80 cikin 100 a jarrabawa yake wucewa littafi na gaba. Saboda tsarin ba ya buƙatar malamai masu yawa, ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Masu sukarsa suna cewa yaron da ya saba cike gurbi shi kaɗai ba ya samun horon muhawara.

Ta uku ita ce wadda za ta fi jan hankalin wanda ya yi karatun zaure. A 1947 marubuciyar Ingila Dorothy Sayers ta gabatar da lacca a Oxford, ta yi kira a koma ga fannoni uku na makarantun Turai na da: nahawu, manɗiƙi da balaga. Su ne fa waɗanda malamanmu suka sani, domin manɗiƙin Aristotle ɗin nan an fassara shi zuwa Larabci tun da daɗewa. Sayers ta daidaita su da girman yaro. Ƙarami yana jin daɗin hadda, sai a cika shi da ƙa'idoji, kwanakin tarihi, sunayen ƙasashe da kalmomin Latin, sau da yawa da waƙa. Ɗan shekara 12 ko 13 gardama ce ke cinsa, sai a koya masa yadda ake kafa hujja da yadda ake gane ruɓaɓɓiya. Balaga sai a babbar sakandare. Makarantar Logos da aka buɗe a garin Moscow na jihar Idaho a 1981 tana cikin na farko da suka gwada haka, kuma daga gare ta tsarin ya yaɗu.

Duk hanyar da aka bi, Littafi Mai Tsarki darasi ne mai maki. Ƙananan azuzuwa suna bin labaran Farawa da Fitowa da rayuwar Yesu, manya suna shiga wasiƙun manzanni da tarihin ikilisiya, a mako kuma akan taru sau ɗaya a yi sujada.

A kimiyya ne rigimar take. Littattafan Abeka da BJU da ACE suna koyar da cewa an halicci duniya cikin kwana shida shekaru dubbai kaɗan da suka wuce, suna kuma ƙin ka'idar sauyawar halittu, alhali masana kimiyya sun sa shekarun duniya a kusan biliyan 4.5. Makarantun Katolika ba su bin wannan layi, suna koyar da ka'idar kamar sauran makarantu. Maganar ta taɓa kaiwa kotu: Jami'ar California ta ƙi karɓar wasu darussan sakandare da aka koyar da littattafan BJU da Abeka, ƙungiyar makarantun Kirista ta ACSI ta kai ƙara, a 2008 alƙali ya ba jami'ar gaskiya.

Tun da gwamnati ba ta tsoma hannu sosai, abu biyu ke auna makarantar: jarrabawar gwaji ta shekara-shekara irin ta Iowa, wadda ke kwatanta ɗalibanta da sauran yaran ƙasa a karatu da lissafi, da kuma tantancewar ƙungiyoyi irin ACSI, wadda aka kafa a 1978. Wannan salon karatu ya daɗe da isowa gida, domin makarantar Hillcrest ta Jos, wadda mishan ɗin Church of the Brethren suka buɗe a 1942, manhajar Amurka take bi.

A ganina ƙarfin waɗannan manhajoji yana ƙasa ne, a azuzuwan farko. Yaron da aka dage masa da sautin harufa da jadawalin ninkawa yana samun tushen da zai ɗauke shi ko'ina, kuma iyayen da ke son karatu da tarbiyya su tafi tare ba baƙin abu suke nema ba, mu ma abin da ya haifi makarantun Islamiyya masu haɗa boko ke nan. Damuwata tana aji 6 zuwa 8, lokacin da yaro ya fara tambayar dalili. Idan littafin kimiyyarsa ya gabatar masa da matsayar masana a gurguje don kawai ya rushe ta, zai isa jami'a bai san abin da abokan karatunsa suka sani ba. Uban da ke neman wa ɗansa gurbi ya fi dacewa ya nemi a nuna masa littafin kimiyya na aji 7, ya duba sunan kamfanin da ya buga shi, ya karanta babi ɗaya da kansa.