Bagaruwa da bedi a kan mikin bisa: inda suke aiki da inda suka tsaya

Makiyayi ɗan'uwa, bisa ba ta rasa rauni: karkiya ta goge wuyan sa, akumari ya cinye bayan jaki, saniya ta soki ƴar'uwarta wurin gardamar ruwa bakin rijiya. Ciwon ƙarami ne ranar farko. Abin da ke ɓata shi ƙazanta ce da ƙuda, da ƙwayoyin cutar nan da ido ba ya gani, waɗanda likitoci ke kira mikrob. Su ne ke kawo mugunya da wari da kumburi. In damina ce, ƙuda ya yi ƙwai a ciki, kwana guda ya isa tsutsa ta fito.

Mu fara da bagaruwa, don ita muka fi yarda da ita. Ku tambayi majeman Damagaram ko na Maraɗi da mi suke jeme fatar jar akuya, za su nuna muku garin ƴaƴan bagaruwa. Ɓawon ƴaƴan nan cike yake da wani abu mai bauri, sunansa tanin. Shi ke kama fata ya ɗaure ta, ya hana ta ruɓewa. Haka yake yi bisa miki: yana tsuke nama, jini da ruwan ciwo su ragu, wurin ya bushe. A laboratuwar an sha gwada ruwan bagaruwa a kan mikrob mai suna stafilokok, wanda ke yawan haddasa ƙurji da mugunya, anka ga yana hana shi yaɗuwa. Marke da sabara su ma suna da tanin, kuma an ga irin wannan aiki gare su. Sai dai ku lura, faranti na laboratuwar daban, bayan jaki daban. A faranti babu ƙura, babu ƙuda, babu wanda zai sake aza kaya gobe da safe.

Saboda haka wanki ne kan gaba. Ku tafasa ruwa litar 1, ku zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi 2 a shafe, ku bari ya huce. Ku wanke hannu da sabulu, ku aske gashin da ke kewaye da mikin, ku yi ta kwarara ruwan har ƙasa da mataccen nama su fita. Tsutsa kuwa a cire ta ɗaya ɗaya. Wanda ya barbaɗa garin magani bisa dauɗa ya rufe mikrob ne a ɗaki mai ɗumi.

Bayan haka sai bagaruwa. Ku zaɓi busassun ƴaƴa masu tsabta waɗanda ba su yi funfuna ba, ku fidda ƙwayar, ku daka ɓawon. Cikin hannu guda a litar 1 na ruwa, a tafasa, a tace da ƙyalle mai tsabta, ya huce. A wanke mikin da shi safe da marece. Ruwan da ya kwana a zubar, a dafa sabo, don shi ma lalacewa yake yi. Kada ku ce bari in ƙara masa ƙarfi ya yi kauri kamar na jima: tanin mai yawa yana ƙone sabon naman nan ja da ke tsirowa, warkewa ta yi jinkiri. Likitocin Turai da Amurka sun taɓa shafa tanin a kan ƙunar wuta tun daga 1925, amma cikin shekarun 1940 sunka bari, don in wurin ya yi faɗi jiki na shanye shi ya taɓa hanta. To, in ƙuna ce babba ko fata ta saluɓe da yawa, ba aikin bagaruwa ba ne.

Bedi, wanda wasu ke ce ma dogon yaro, asalinsa ƙasar Indiya ne, amma yau babu garin da ba shi. Mutanen Majiya, wajen Buza, sun san layukansa da anka fara dasawa a 1975 don tare iska. Ƙarfinsa ya fi yawa wajen ƙwari. A 1968 masana sunka fidda wani sinadari daga ƙwayarsa, azadiraktin, mai hana ƙwaro ci da girma. Man bedi, in kun samu, ku shafa shi kewaye da mikin don rage ƙuda, ba cikin ramin ciwon ba.

Tumfafiya kam ku bar ta. Nononta yana cin nama, in ya faɗa ido yana iya ɓata gani. Haka baƙin man mota da garin batir. Mafi muni shi ne kashin shanu ko ƙasa da wasu ke liƙawa: nan mikrob ɗin tetanos ke zama, kuma jaki da doki ba su jure masa. Mako guda zuwa uku bayan raunin sai ka ga dabba ta sandare, haƙora sun sarƙe, wutsiya a ɗage. Yawancinsu ba su tashi.

Akwai ciwon da ba a tsayawa dafa itace a kansa. Sukar ƙaho ko ƙusa mai zurfi, rauni a gaɓa ko ciki ko ido ko hantsa, cizon kare, kumburi mai zafi da ke haurawa, bisa ta bar kiwo jikinta ya yi zafi: ruwan bagaruwa ba ya kai inda mikrob ya shige. Ku wanke, ku rufe da ƙyalle, ku nemi malamin dabbobi ranar nan. In ya yi allurar antibiyotik, ku tambaye shi kwana nawa za ku dakata kafin a sha nonon ko a yanka. Ƙaramin miki ma, in ya kwana 3 ana wanki bai daina wari ba, ku kai masa shi ya gani.

Jakin da ke da miki a baya kuwa, a sauke masa akumari har gashi ya fara fitowa, kuma kafin a mayar a gyara wurin da ke gogar.