Sauya Rediyon Mota: Inda Ake Tsimi, Inda Ake Asara

GOMBE — Da yawa daga cikin motocin da ke zirga-zirga a Gombe na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, kuma wasu sun iso da tsohon rediyon kaset ko na faifai. Mai mota na iya sauya shi da kansa, ya huta da biyan rewaya, muddin ya kiyaye abubuwa uku.

Na farko, awo. Gurbin rediyo galibi iri biyu ne: faɗin milimita 180, tsayi 50 ko 100. A auna kafin a biya.

Na biyu, zango. Tsohon rediyon da aka ƙera don kasuwar Japan a 90 yake tsayawa, saboda haka ba zai kama Progress FM a 97.3 ko Amana FM a 98.1 ba. Araha ba ta ado.

Na uku, wayoyi. A cire kan batir tukuna. A rediyon Pioneer ko Sony, ruwan ɗorawa ta batir ce, ja ta makulli, baƙa ta jikin mota. Wanda ya jona ja ga batir kai tsaye yana iya wayar gari mota ta ƙi tashi; wanda ya tsallake fiyus kuwa, gobara yake gayyata.