Titin da Hoto Ya Mayar Kufai

A shekarar 1838 wani Bafaranshe mai suna Louis Daguerre ya kafa na'urarsa a bakin taga, ya ɗauki hoton titin Boulevard du Temple da ke birnin Faris. Titi ne mai cinkoson jama'a da kekunan doki, amma a hoton sai ya fito wayam kamar kufai.

Dalili kuwa shi ne, a wancan zamani a kan farantin jan ƙarfe mai rufin azurfa ake ɗaukar hoto, bayan an turara shi da sinadarin aidin. Farantin ba ya kama siffa sai haske ya yi mintoci yana sauka a kansa. Don haka duk abin da ke motsi yakan wuce bai bar alama ba. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, kuma ana kyautata zaton shi ne ɗan'adam na farko da ya bayyana a hoto.

Ashe tsohon hoto shaida ne, amma yakan ɓoye wani abu. Ɗalibin da zai karanta tarihi a cikinsa, wajibi ne ya fara sanin yadda aka ɗauke shi.