Darajar Rai da Binciken Magunguna: Darasin Sanƙarau na 1996

Duk manomin da ke zaune a ƙasar Bichi ko Dambatta ko Kunchi ya san lokacin sanƙarau. Da zarar hunturu ya ja baya, zafin bazara ya kunno kai, sai hankalin iyaye ya tashi. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar kuwa ta nan take bi ta shiga jini, har ta isa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. A ƙauyukanmu, inda gida ke jingine da gida kuma yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, numfashi da tari sun isa su yaɗa ta. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kuma tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu.

Abin da ya faru a Kano

A shekarar 1996 annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Ana cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano don gwada wani sabon magani mai suna Trovan. An ɗauki yara kimanin 200. Rabinsu aka ba su Trovan, sauran kuwa aka yi musu allurar ceftriaxone, wadda aka riga aka san amfaninta, amma aka rage yawanta ƙasa da yadda aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki.

Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo haka, domin sanƙarau kan bar irin wannan tabo, ya kuma ce an yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da dama sun ce ba su san gwaji ake yi ba, kuma ba a gaya musu cewa a asibitin akwai likitocin ƙungiyar MSF masu ba da sanannen magani kyauta ba. Jaridar Washington Post ta tono maganar a shekarar 2000, har aka ji cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka nuna, daga baya aka rubuta ta. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya bayyana a 2001 cewa gwajin ya saɓa wa doka. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Shi kuwa Trovan, tun 1999 aka taƙaita amfani da shi a Amurka saboda lahanin da yake yi wa hanta.

Ina kuskuren yake?

Ya kamata ɗalibi ya gane cewa gwada magani ba laifi ba ne. In ba a gwada ba, babu yadda za a bambance mai warkarwa da mai cutarwa. Sai dai ilimin ɗa'ar likitanci ya gindaya sharuɗɗa. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947, wadda aka tsara bayan ta'asar likitocin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ta sa yardar mutum a gaba da kome. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta ƙarfafa wannan, aka kuma fayyace a cikinta cewa lafiyar wanda ake gwaji a kansa ta fi muradin kimiyya nauyi.

Tushen waɗannan sharuɗɗa abu ne da addini da al'adarmu suka daɗe da koyarwa, wato rai amana ne. Darajarsa ba ta ƙaruwa da dukiya ko ilimi, ba ta raguwa saboda ƙuruciya ko rauni. Ɗan tayin da ke ciki, da jinjiri, da tsohon da ke kwance, duk ba su iya kare kansu, don haka hakkinsu ya fi nauyi a wuyan likita da hukuma. Uwar da ta goyo ɗanta a sume ba ta da natsuwar auna magana, duk abin da mai farar riga ya ce za ta karɓa. Yardar da aka samu a irin wannan hali sai an yi mata kyakkyawan duba.

Abin da ya biyo baya

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin shan inna na hana haihuwa, Jihar Kano ta dakatar da shi har zuwa Yulin 2004. Bincike bai tabbatar da zargin ba, amma labarin Trovan na cikin abubuwan da suka sa jama'a suka gaskata. Cutar ta ƙaru, ta tsallaka wasu ƙasashe, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka gurgunce. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

An yi gyara. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, wanda ya wajabta amincewar kwamitin ɗa'a kafin kowane bincike a kan mutane. Allurar MenAfriVac, wadda aka soma yi a ƙasar nan a 2011, ta karya lagon nau'in sanƙarau na A.

Saura aikin malamai da ɗalibai, domin a ƙauyuka da yawa ɗan sakandare ne mai karanta wa iyayensa takarda. A koya masa ya bambance rigakafin da aka tabbatar da maganin da ake gwadawa. Idan aka zo da bincike, ya tambaya: wane ne ya ba da izini, mene ne hatsarinsa, akwai wani maganin ban da shi? Ya kuma sanar da iyayensa cewa suna da ikon ƙin shiga, kuma wajibi ne a ci gaba da kula da ɗansu ko da sun ƙi.