Buffles ta Paraku: Laifin mai horaswa ne ko na masu ƙungiya?

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Gare a Paraku ranar Litinin da safe ya san akwai wata kotu da ke zama a teburin mai shayi tun kafin a buɗe shaguna. Direbobin manyan motoci, 'yan zem, dillalan albasa da masu goro duk alƙalai ne a cikinta, kuma wadda ake tuhuma ba ta canzawa, wato ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Buffles du Borgou. Idan ta sha kashi ranar Lahadi, kafin shayi ya huce an kori mai horaswa, an rusa shugabanni, an kuma sayar da rabin 'yan wasa, duk da fatar baki. Mu da aikin rediyo ke kai mu cikin jama'a mun daɗe muna sauraron wannan shari'a a Paraku da Jugu, shi ya sa muka ga ya kamata mu baje ta a faifai.

Ga wanda bai sani ba, kalmar Buffles da Faransanci tana nufin ɓauna. Ƙungiyar ta ɗauki kofin zakarun ƙasar Benin sau biyar, a 1980 da 1992 da 2014 da 2017 da kuma 2019, ta kuma ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1979 da 1982 da 2001. Ba wata ƙungiyar arewacin ƙasar da ta ko kusanci wannan tarihi. Saboda haka har mutanen Jugu, waɗanda ke da tasu ƙungiyar ta Panthères, sukan ajiye hamayya su mara wa Ɓauna baya idan ta fita waje.

To amma bayan 2019 sai kofi ya yi ƙaura. An soke kakar 2020 saboda annobar korona, ESAE ta ɗauka a 2021, Coton FC ta garin Wida ta ɗauka sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024, sannan Dadjè FC ta karɓa a 2025. Dukansu ƙungiyoyin kudu ne. Wannan shi ne mikin da ake famawa kowace Litinin.

Masu cewa a kori koci

Ɓangare na farko, wanda yawanci matasa ne, ba su ga laifin kowa ba sai na mai horaswa. Hujjarsu ita ce shi ke fitar da sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya, shi ke canji, shi kuma ya ce ya iya. Suna kallon wasannin Ingila da Faransa da Sifen a gidajen kallo, suna ganin yadda ake sallamar koci bayan rashin nasara uku ko huɗu, don haka suke tambaya me ya sa namu zai fi ƙarfin sallama.

Dattawan da suka ga wasan 1992 da idonsu ba su yarda da wannan ba. Abin da suke faɗi shi ne, koci a ƙasarmu kamar yaron mota yake, idan mota ta tsaya a hanya shi fasinja ke zagi, alhali ba shi ya ƙi sayen taya ba. A ganinsu, mutumin da ba shi ya ɗauko 'yan wasa ba, ba shi ke riƙe da asusu ba, kuma bai san ko zai kai ƙarshen kaka ba, ba a yi masa adalci ba idan aka ɗora masa kayan duka. Canza koci, in ji su, shi ne abu mafi arha da shugabannin kowace ƙungiya ke yi don a daina duban su.

A nan mu ma muna da abin cewa. Ko a shekarun da Buffles ke riƙe da kofi, duk fitar da ta yi zuwa gasar zakarun Afirka a zagayen share fage ta tsaya. Enyimba ta Aba ta fitar da ita a 2015, ASEC ta Abijan a 2018, ASC Kara ta Togo a 2019, sai MC Alger ta Aljeriya a 2020. An yi ta sauya 'yan wasa a tsawon waɗannan shekaru, amma sakamakon bai sauya ba. Idan rijiya ta ƙi ba da ruwa da guga huɗu, ai sai a leƙa rijiyar.

Ina kuɗin yake?

Tambayar da ɓangare na biyu ke yi ke nan, kuma 'yan kasuwa sun fi kowa gane ta. Gwamnatin Patrice Talon, wadda ta hau mulki a 2016, ta sa wa manyan kamfanoni harajin raya wasanni, sefa ɗaya cikin kowace jika ta cinikinsu, tare da sassauci ga kamfanin da ya mallaki ƙungiyar da ke buga gasar ƙasa. Manufar ita ce a fitar da ƙwallo daga hannun mutum ɗaya mai taimako idan ya ga dama, a mayar da ita hannun kamfani mai biyan albashi a ƙarshen wata. Dabara ce mai kyau, sai dai manyan kamfanonin ƙasar nan, da tashar jiragen ruwa da bankuna da ofisoshin auduga, kusan duk a Kwatano hedikwatarsu take.

Batun auduga ya fi komai yi wa 'yan majalisar Gare ciwo. A arewa ake noma mafi yawanta, a su Banikoara da Kandi, ta gabanmu motocin ke wucewa da ita, amma ƙungiyar da ke ɗauke da sunanta a bakin teku take wasa. Yaron da ya koyi ƙwallo a kan jar ƙasar Zongo ko Banikanni, da zarar ƙafarsa ta fara magana, sai ya bi inda albashi ya fi tsoka. Ba wanda zai ga laifinsa, domin kowane ɗan kasuwa ma inda riba take can yake kai kayansa.

Ga kuma nisa. Daga Paraku zuwa Kwatano ya haura kilomita 400, kuma kowace tafiya tana cin kuɗin mai da masauki da abincin mutum fiye da ashirin. Hatta wasan da Buffles ta karɓi baƙuncin MC Alger a 2020, a Porto-Novo aka buga shi, inda mai goyon baya daga Borgu sai ya rufe shago kwana biyu kafin ya gani.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne aljihun garin kansa ya rame. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka toshe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, hanyar da Paraku ke ci da ita tun lokacin da jirgin ƙasa ke sauke kayan Nijar a wannan tasha da ta ba unguwarmu suna. Alhajin da a da yake ɗaukar nauyin motar 'yan kallo ko ya yi wa 'yan wasa kyauta bayan nasara, a irin wannan yanayi da jarinsa zai fara ji.

Su ma shugabanni a duba su

Duk da haka, rashin kuɗi ba zai wanke masu riƙe da ƙungiyoyi ba. Mai karatu zai iya tuna cewa a watan Mayun 2016 hukumar FIFA ta dakatar da Benin saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙasa da ya kai gaban kotu. Bayan abubuwa sun lafa, a 2019 'yan wasan ƙasa suka fitar da Maroko a bugun daga kai sai mai tsaron gida a Masar, suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a kofin Afirka. Wannan ya nuna cewa idan sama ta zauna lafiya, ƙasa ma takan samu.

Abin da magoya baya ke nema a Paraku da Jugu bai taka kara ya karya ba. Suna so a farkon kaka a fito a gaya musu nawa aka samu, daga wa, kuma ina aka nufa. Suna so a san wane ne ke ɗauko ɗan wasa, don a san wanda za a tambaya idan bai yi ba. Suna so idan an ɗauki koci a ba shi wa'adi a kuma cika masa. A Jugu, inda Panthères ba ta taɓa ɗaukar kofin ƙasa ba, ga kuma Dynamique da suke raba 'yan kallo da ita, har muhawara ake ko ƙaramin gari zai iya ciyar da ƙungiya biyu.

Mu ma da namu

Kafin mu rufe, sai mun juyo da yatsa gida. Da yawa daga cikin alƙalan teburin shayi sun fi shekara ba su sayi tikitin shiga filin wasa ba, amma ba sa fashin biyan kuɗin gidan kallo don Real Madrid ko Chelsea, wasu ma har da cacar ƙwallo a waya. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta Jugu sun san cewa ayari ba ya tafiya sai kowa ya ba madugu nasa kason, sannan ne yake da bakin tambayarsa lissafi.

'Yan kasuwar Arzeke da na Jugu sun iya adashe, sun iya tara kuɗin ginin masallaci da na jinyar ɗan'uwa. Idan ƙungiyoyinsu suka yanki katin goyon baya na shekara, suka kai gudummawar a dunƙule da sharaɗin a ba su kujera a taron shekara a kuma karanta musu lissafi, maganarsu za ta fi ta ranar Litinin nauyi. Wanda ya zuba jika ɗaya yana da ikon tambayar inda ta shiga.

Allah Ya ba Ɓauna da Damisa sa'a, Ya kuma buɗa mana kasuwa.